Shugaban Masu Rawa Ba Ya Tashi Daga Kujera

Samun mutum irin Darakta sai an tona. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin ofis, ba a taɓa ganinsa yana sauri ba. Tumbinsa ke fara shiga ɗaki ya yi sallama, sannan shi ya biyo baya. Har yau da ya yi ritaya biro uku ne a aljihunsa na gaba, ko da za a kawo takardar sa hannu ba zato. A gaban idonsa Yallaɓai ake ce masa. A bayan idonsa kuwa sunansa Daga-Ƙarshe, don a jawabi ɗaya yakan ce "daga ƙarshe" sau biyar, kuma duk bayan kowace akwai sabon babi.

A ƙaramin asibitin unguwa akwai wata nas da ta gaji da ba tsofaffi ƙwayoyi suna dawowa da kukan gwiwa da rashin barci. Sai ta roƙi wani ɗaki a baya, ta jera kujerun roba a jikin bango, ta kawo 'yar rediyo, ta ce duk Talata da Alhamis daga ƙarfe goma zuwa sha ɗaya a zo a taka rawa. Babban likita ya ba ta wata uku. In ya zo ya gwada tsofaffin bai ga canji ba, ɗakin zai koma wurin ajiye kwalayen magani.

Mutum tara suka fara. Akwai tsohon tela da keken ɗinki ya lanƙwasa wa baya. Akwai Inna mai sanda, wadda ba ta iya zuwa bakin ƙofa sai da dogarawa. Akwai kuma matar Darakta, wadda tun da 'ya'yanta suka watse ta zama kamar hoton bango, ga hawan jini, ga kwana ido biyu.

Sati biyu da farawa Darakta ya ji matarsa tana dariya ita kaɗai a kicin. Dariyar da ba da izininsa ba dole a bincika. Ya biyo sawu har asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga abin da ya girgiza shi: mutane tara suna harka ba shugaba, ba ajanda, ba wanda ya buɗe taro.

Da yake mutum ne mai tausayi, nan take ya sadaukar da kansa. Washegari aka kawo kujerarsa daga gida a bayan mota, mai laushi, irin wadda in ka zauna sai ta haɗiye ka har ƙugu.

"'Yan uwa maza da mata," in ji shi a jawabinsa na farko, "rawa ilimi ce. Tana buɗe jijiya, tana daidaita jini, tana kore damuwa, tana hana mantuwa. Ni na karanta wannan tun kafin a haifi nas ɗin nan. Daga ƙarshe, zan kawo dalilai goma sha biyu."

Tela ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, ko za ka ɗan taka mana mu gani?"

"Malam tela, ka taɓa ganin direba ya sauka yana tura fasinja? Ni nawa jagoranci ne."

Da abin ya tsaya haka, da ɗakin ya zama na kwalaye. Amma wani hanin ga Allah baiwa ne. Darakta yana da aƙida ɗaya da ba ya saɓawa: babban mutum ba ya riga jama'a zuwa taro. Matarsa takan fito da ƙafa tun goma saura, shi kuwa sai sha ɗaya saura minti ashirin yake isowa. A wannan minti arba'in ɗin ake cashewa. Da an ji hon ɗin motarsa sai nas ta kashe rediyo, kowa ya nemi kujera. Ita ma ta ce hutu bayan motsa jiki yana da kyau, kuma ba abin da ke saukar da bugun zuciya kamar jawabin Yallaɓai.

Shi kuwa in ya shigo ya ga goshi na tsatsafo da gumi, ƙirji na hawa da sauka, sai ya gyaɗa kai. Ya sha gaya wa abokansa cewa tun kafin ya buɗe baki kwarjininsa ke sa mutane haki.

Haka aka yi wata biyu. Tela ya fara ganin saman ƙofa. Inna ta fara manta sandarta a jikin bango. Matar Darakta tana barci har da minshari, ta kuma koma yi wa maƙwabta tsiya ta kan katanga.

Saura sati biyu gwaji, sai Darakta ya ji labarin babban likita mutum ne mai son kiyaye lokaci. Ranar Talata ƙarfe goma daidai sai ga hon. Nas tana riƙe da rediyo ko kunnawa ba ta yi ba. Ranar jawabi ya samu fili, awa guda cur, "daga ƙarshe" tara. Alhamis ma haka. Tsofaffi suka tashi daga kujerun roba suna dafa gwiwa, Inna ta lalubo sandarta.

"'Yar nan," ta ce wa matar Darakta a hanya, "mijinki zai kashe mu da zama. In aka karɓe ɗakin nan, ina za ni? In koma kallon bango?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar Talata da safe, matar tana zuba wa mijinta shayi ta ce, kamar ba da gangan ba, "Maigida, wata magana na ji ta ɓata mini rai. Wai tun da ka yi ritaya ba ka da abin yi, shi ya sa kake riga kowa zuwa, kamar mai shara."

Kofin ya tsaya a iska. "Wa ya faɗa?"

"Ai ka san bakin mutane."

Ranar bai iso ba sai sha ɗaya saura biyar, yana duba agogo, yana ba da haƙuri wai tarurruka sun yi masa yawa. Ba a taɓa karɓar uzuri da farin ciki irin na ranar ba. Tela har da addu'ar Allah ya ƙaro ayyuka.

Ranar gwaji babban likita ya zo da agogo a hannu. Abin mai sauƙi ne: a zauna a kujera, a tashi ba dafawa, a sake zama, har rabin minti. Tela ya yi sha ɗaya. Matar Darakta ta yi sha uku tana dariya, jininta kuma ya sauka. Inna ta yi tara, ta ce agogon ne ke sauri. Likita ya dubi nas ya ce ɗaki nata ne, a nemo wa kwalaye wani wuri.

Nan Darakta ya gyara murya. "Likita, abin da ka gani aikin jagoranci ne. Wata uku ina kan mutanen nan. Ba ranar da na yi fashi. Daga ƙarshe..."

"Madalla," in ji likita. "To shugaba ya rufe mana. Bismillah, Yallaɓai."

Ya danna agogo.

Darakta ya yunƙura. Kujerar da ta yi kusan wata uku tana sauraron jawabi ta ƙi rabuwa da shi. Ya sake yunƙurawa, gwiwa ta ce ƙas, biro ɗaya ya faɗo ya gangara ƙarƙashin teburin nas. Ya dafa hannun kujera, likita ya ce ba dafawa. Ya ce a gyara masa fanka. Rabin minti ya cika tumbi na gaba, sauran jiki na baya.

Matarsa ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa ba kiɗa.

Sai Inna ta taka zuwa jikin bango da ƙafarta, ta ɗauko sandar nan, ta kakkaɓe mata ƙura da gefen mayafi, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Ungo, Yallaɓai. Ni na gama da ita."