Jarkar Awa Ashirin da Huɗu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na zauna gaban likitoci ina zayyana musu wautata da muryar mai ba da darasi.

Ni mutum ne mai son tsari. Aikin duba yadi na yi a wata masaƙa a Kakuri har aka rufe ta: mai kyau ya wuce, mai aibi a ware shi gefe. Haka kuma nake tafiyar da gidana a Makera (ku tambayi iyalina, ko da yake gara ku bari).

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa, sannan fitsari ya riƙa kumfa kamar ruwan wanki. Likitar ƙoda, wata matashiya mai haƙuri, ta ce tana zaton matatar ƙodata ce ta yi kauri, tana yoyon sinadarin gina jiki. Don a tabbatar, akan soka doguwar allura ta baya a gutsuro tsokar ƙodar. Ni kuwa ko allurar rigakafi sai na kau da kai. Da ta ga na tsorata, ta ce masana a ƙasashe da dama suna bincike a kan wannan cuta, kuma suna neman irinmu, domin yawancin abin da aka sani ba a jikin mutanenmu aka gano shi ba. Wanda ya shiga za a yi masa wani gwajin jini, in ya nuna cutar, wataƙila ya tsira daga allurar. Sharaɗin shi ne in tara fitsarin awa ashirin da huɗu a jarka, a auna yawan abin da ke yoyo. Ranar Alhamis za a rufe ɗaukar mutane.

A layin karɓar jarka na haɗu da Oga Okeke, bakanike daga Sabon Tasha, shi ma da tasa jarkar. Har faɗa na yi masa a kan bin ƙa'ida, don na ga ya cusa takardar bayani a aljihu bai karanta ba.

A gida na tsara aikina. Na farko, na wanke kwalabe. Na biyu, kowace zagayawa da kwalbarta, da lokacinta a rubuce. Na uku, washegari na jera su a bayan gida, na ɗaga kowace a hasken rana. Masu kumfa da masu duhu na zubar, garai-garai kaɗai na juye a jarka. Wai ni abin da sakamakonsa zai je ƙasar waje, ba za a ce daga gidana gurɓatacce ya fito ba. Matata ta ce ita dai ba ta ji an ce a zaɓa ba. Na ce ta kula da tukunyarta.

Ranar Laraba na miƙa, Alhamis na koma. Likita na zaune da abokan aikinta biyu da ɗalibai. Ta dubi takarda, ta dubi ƙafafuna da suka ƙi shiga takalmi.

"Baba, wannan ne duka na yini da kwana?"

Na gyara zama, na ce a'a, wannan shi ne wanda ya ci jarrabawa. Na kuwa jero musu matakan ɗaya bayan ɗaya (har da ɗaga yatsa). Wata ɗaliba ta rufe fuska da fayil. Sai ga muryar Okeke daga benci a bakin ƙofa:

"Baba Ƙa'ida, kai za ka kawo mota gareji, ka ɓoye mini wurin da take yoyo?"

Likita ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. A hankali ta ce abin da na zubar shi ake nema, kuma babu sauran lokacin sake tarawa. Na nemi inda zan sa idona, na rasa.

Okeke ya shiga binciken. Ni kuwa bayan mako biyu na kwanta rub da ciki, ina salati, aka soka mini allurar nan.

Abin da na koya ɗaya ne: zaɓaɓɓen kaya gidan surukai ake kai shi. Likita kuwa ka kai masa abin kunyarka cif, kada ka rage ko ɗigo.