Ranar da Na Kwantar da Ladi a Kan Citta

Abu ɗaya na yi a Kwoi, shekarar da naira ta fito, har yau ina cizon yatsa. Matata za ta taron mata a coci, na bugi ƙirji na ce, "Je ki, sa jariri barci ai ba aiki ba ne." 'Yarmu Ladi tana wata uku. Na raina tabarmarta, na kwantar da ita rub-da-ciki kan buhun busasshiyar citta, wai ya fi ɗumi. Surukata ta tarar da ita tana atishawa, numfashi da ƙyar. Ta sure ta, ta ce, "Baban Ladi, har jikata za ka kai kasuwa?" Na fi yarinyar kuka. Don Allah, ku kwantar da naku rigingine a shimfiɗarsu. Ni dai har 'ya'yan Ladi "Kaka Citta" suke kirana.