Yadda Za Ka Samu Fim Ɗin Ban Tsoro Daga Ƙofar da Ka Ƙi Gyarawa

Kana son a kira ka darakta, amma kanka fayau, ko ƙwayar labari babu? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan; in ba ka samu labarin da zai tayar da tsigar jiki ba, ka canja mini suna.

1. Nemo aikin da ka daɗe kana kauce wa

Kowane gida yana da nasa. Nawa ƙofar kabad ɗin kaya ce a ɗakin kwana: ka rufe ta, ka juya baya, ta ce ƙiiii, ta buɗe kanta. Matarka za ta ce, "Baban yara, yaushe za ka gyara ƙofar nan?" Ka ce gobe. Gobe ba ta ƙarewa.

2. Mai da lalaci fasaha

Ranar da ta gaji ta miƙo maka sukudireba, kada ka karɓa. Wanda ya karɓa ya faɗi. Dafe goshi ka ce, "Kar ki taɓa ta! Ita ce tauraruwar fim ɗina."

"Wane fim kuma?"

Ka ce gajere ne, shi ya sa ba ta ji labarinsa ba.

3. Tara ma'aikata

Ƙaninka yana da waya mai kyau, ya zama mai ɗaukar hoto. Mai askinka ya iya zare ido, ya zama jarumi. In sun tambayi labarin, ka ce yana kan wuta. Masana sun tabbatar cewa darakta na gaske ba ya sanin labarinsa sai ya gama.

4. Kada ka raina haƙurin mace

Nan na yi sake. Ranar ɗaukar fim na shigo da tawagata da rana tsaka, sai ga kafinta tsugune gaban tauraruwata, madam na tsaye ta riƙe ƙugu. In ƙofa ta gyaru, ba fim, ba darakta, sai malalacin miji.

5. Saurari kafinta

Ya buɗe, ya rufe, ya ƙwanƙwasa, ya sosa ƙeya.

"Maigida, ƙofar nan lafiyarta ƙalau. Hinji garau, makulli na kamawa. In dai tana buɗewa, to daga ciki ake turo ta."

Ya tattara kayansa, ko ruwa bai tsaya sha ba. Mai aski ya zare ido fiye da yadda na taɓa koya masa, ya tuna ya bar wani da rabin aski. Ƙanina ya bi shi, wai zai raka shi.

Madam ta yi murmushi. "To darakta, ga labari ya zo har gida. Buɗe mana mu ga ƙarshensa."

Na ce fim mai kyau ba ya nuna komai a fili.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ruwana, ba hannuna. Mai ƙorafi ya same ni a falo, nan nake kwana yanzu. Kuma don Allah, in za ka zo, ka aro mini riga. Nawa duk suna cikin kabad.