Sabis Ya Ci Masarata

Ranar Talatar nan sau huɗu aka shayar da ni sabis kafin azahar, masarata kuwa ko ɗigon ruwa ba ta gani ba.

Kwana tara ke nan kanal ɗinmu na bayan Bunkure ya bushe ƙayau, har awaki na kwanciya a ciki. Masarar rani kuwa idan ta fara goyo ba ta san haƙuri ba. Na je wurin mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, Allah ya ƙara masa inuwa, na tarar da shi a gindin mangwaro yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Baba, ana sabis ne." Na leƙa kanal gabas da yamma, ko shebur ban gani ba. Ya ce ai daga sama ake farowa, ya ba ni lambar na sama.

Na kira, waya ta yi tsit. Maƙwabcina Muhammadu Sani ya karɓa, ya ɗaga ta sama kamar mai duban wata, ya ce babu sabis. To fa. Can an hana ni ruwa don akwai shi, nan an hana ni magana don babu shi.

Na koma ga tsohon injina, ko in ja daga rijiya in ceci kunya goma. Ya yi tari biyu ya mutu. Taufiq makanike ya ce sai an yi masa sabis. Wannan kam na gani da idona: baƙin mai ya fita, sabo ya shiga, hannun Taufiq ya yi duƙun-duƙun. Saura fetur. Na bi layi a gidan mai a Kura tun hantsi, ina isa gaba aka ce famfon ya shiga sabis. Ta bayan katanga kuwa jarkokin 'yan bumburutu sai fita suke a cike, da alama su ba su jin Turanci.

Da yamma na tambayi surukata Nafisat, mai koyarwa a firamare, wace irin kalma ce wannan mai fuska huɗu. Ta yi dariya, ta ce ai fuskokinta sun fi haka, amma tushenta ɗaya ne, hidima. Har ma'aikatan hukuma daga ita aka yanko musu suna, wato masu yi wa jama'a hidima.

Na ce, "Yanzu mai gyaɗar nan barana ne?"

Ta ce, "A littafi dai haka ne, Baba."

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara saba'in ina cire takalmi ina gaida barana.

Ranar Alhamis na ɗauki wannan sabon ilimi na nufi wurin na sama da kaina, in tuna masa cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Na tarar da rumfuna da tukwanen shinkafa. Ashe Ranka-ya-daɗe ne ya cika shekara talatin da biyar yana sabis, ana rakiyarsa gida ya huta. Mai jawabi ya ce a zamaninsa ko ganye ɗaya bai taɓa yaushi ba. Na tafa da masu tafi, tunda tafi ba ya cin fetur.

Ruwa ya zo rana ta goma sha bakwai, har yana ambaliya. Ihu bayan hari. Masara ta riga ta zama kara, goyon ko zakara ba zai tsaya masa ba. Hambali, makiyayin da ke zaune bayan gonata, ya nemi in bar shanunsa su shiga, na ce bisimilla. Kwana uku suka share ta tas, suka bar mini taki a kowace kunya.

Ni dai a cikin duk waɗanda suka ci nawa bana, saniya ce kaɗai ta juyo ta bar mini wani abu.