Masarar Kawu da Ilimin Teku

Shekarar da na zo Zariya hutu daga aikin jirgin ruwan dakon hatsi, har tafiyata sai da ta canza. Da Kawu ya ce a sayo buhuna a kwaso masararsa daga ƙauye, murmushi na yi.

"Kawu, mu a teku ba ruwanmu da buhu. Zubawa muke yi, mu baje ta daidai, don kada ta taru gefe guda ta kifar da jirgi."

Direban a-kori-kurar da aka ɗauko zai yi magana, Kawu ya ce, "Ƙyale shi, ya ga duniya."

Da hannuna na baje masarar a bayan motar, na shige gaba na hakimce. Ban duba ƙasan motar ba, ashe tsatsa ta huda shi. Muna isa Ƙofar Doka na waiwaya, sai ga kaji da awaki kamar 'yan rakiyar amarya. Rabin masarar ya tsiyaye a hanya.

Na dai tuna wa Kawu cewa motar ba ta kife ba.

Har yau in kaza ta gitta ƙofar gidanmu, sai an ce, "Kyaftin, mutanenka sun zo gaisuwa."