Rasuwar Si Hideung, Kwamfutar da Ta Nuna Mini Jan Ɗigo

Da zuciya mai nauyi da jiki a sanyaye, ni Nenden Rohaeti, ɗalibar digiri na uku a fannin nazarin taurari a nan Bandung, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda kowa ya sani da Si Hideung saboda baƙin jikinta. Rai ya yi halinsa ranar Talata bayan la'asar, ana tsaka da ruwan sama. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiya a ƙarƙashin tebur ta yi rayuwarta, dab da ƙafata. Aikinta shi ne ta karɓi abin da tauraron ɗan'adam ya tsinto na hasken gamma, wannan haske da ido ba ya gani, mai fitowa daga taurarin da suka fashe, ta zuba shi a manhajar dubawa ya zama taswirar sama. Inda hasken ya yi ƙaranci sai ta nuna shuɗi, inda ya taru ta nuna ja. An shaide ta da haƙuri. Ka ce ta matso da wani wuri a taswirar sau ɗari, za ta matso da shi. An zubar mata da ruwan kofi a jiki, an ɗora mata ledar soye-soye mai maiƙo a ka, ba ta taɓa yin fushi ba.

Shekara huɗu da suka wuce ta nuna mini wani jan ɗigo a kudancin sama, a wurin da babu wanda ya taɓa rubuta cewa akwai wani abu. Malamata, Bu Titing, ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta daɗe tana kallo.

"Neng," in ji ta, yadda ake kiran 'yan mata a wajenmu, "rufe bakinki tukuna. Wannan naki ne."

Saboda wannan ɗigo na ƙi aikin koyarwa da aka ba ni a garinmu Garut. A kansa na rubuta shafi ɗari biyu da goma. Saura kwana goma sha tara in tsaya gaban kwamiti in kare shi.

Ciwon ajalinta bai zo da hayaniya ba. Wata 'yar ƙara ce daga cikinta, ƙyas, ƙyas, ƙyas, sai shiru, sai ta ci gaba da aiki kamar ba komai. A makon jiya Kang Dudung, mai gyaran na'urorin sashenmu, ya shigo aron kujera, ya tsaya cak da ita a hannu.

"Neng, tun yaushe wannan tsohuwar take haka?"

"Ta ɗan jima, Kang."

"Ɗan jima na wata, ko ɗan jima irin na ɗalibai?"

Na yi dariya kawai. Amsar ita ce tun kafin in ga ɗigon.

Ranar Laraba Kang Dudung ya buɗe cikinta. Ya ce faifan ajiyarta ya yi shekaru yana ruɓewa, kuma ciwon ya ci wani yanki na fayil ɗin da ke tace hasken da bai shafe mu ba. Muka sauko da bayanan sababbi a wata kwamfutar, muka buɗe su a manhajar, muka matso da wurin. Shuɗi ne fes. Na sauya launi, na faɗaɗa, na sake saukowa da su har sau uku. Babu komai a wurin. Abin da na yi shekara huɗu ina aunawa ba tauraro ba ne, jinyarta ce. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ta yi ta faɗa da irin bakin da take da shi, ni ce na ƙi ji.

Ta rasu ta bar allo guda mai tsaga a kusurwa, da madannai da haruffansu suka goge, da ni. Ta kuma bar 'yar'uwarta, wadda aka sayo su rana ɗaya a kwali iri ɗaya, tana ƙarƙashin teburin Bu Titing. A kanta malamata ta yi binciken da ya kai ta kujerar farfesa. Jiya da yamma muna zaune ana yi mini jaje, sai muka ji daga ƙarƙashin teburin: ƙyas. Babu wanda ya kalli wani. Bu Titing ta ajiye kofinta a hankali.

Za a yi jana'iza gobe bayan an sauko daga Juma'a. Kang Dudung zai ɗauki gawar a bayan babur zuwa wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, ban da faifan, wanda kwamiti ya ce a kai masa ranar Litinin da ƙarfe tara tare da ni. Za a karɓi gaisuwa a ɗaki na huɗu, hawa na biyu. Masu zuwa su cire takalmi a ƙofa, su yi magana ƙasa-ƙasa, kuma don Allah kada kowa ya raɓi makunnin wutar da ke bayan teburin malamata. Ta ce a bar tata kwamfutar a kunne. Kang Dudung ya zo da akwatin kayan aikinsa sau biyu, sau biyu tana cewa ya dawo wani makon.