Motata Ta Ci Jarrabawa, Tayarta Na Rawa

Jiya da safe motata ta ci jarrabawa. Ina da takarda mai hatimi biyu da sa hannun da ya yi kama da sawun kaza. Ba a yi awa guda ba bakanike ya ƙwace mini makulli.

Ga yadda aka yi. Inna tana da ganin likitan ido a babban asibitin garin gaba, ƙarfe biyu na rana. Wata huɗu muka jira wannan ranar, in ta wuce sai mu koma ƙarshen layi. A hanyar akwai shingaye uku, kowanne takardar lafiyar mota yake tambaya, tawa kuwa ta ƙare. Sai na ɗauki Inna muka fara biyawa ta ofishin masu duba motoci.

Allah ya ja zamanin wannan ofishi. A tsakiyar farfajiyarsa akwai na'urar da aka ce tana ɗaga mota, ta girgiza ƙafafunta, ta faɗi abin da ya kwance. Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanka ƙyalle ya buɗe ta bara, ya sake buɗe ta bana. Har yau tana cikin ledarta. Na tambayi jami'in ko za a ɗora tawa.

"Da waɗannan tayoyin naka masu laka? Ka ɓata mana ita?"

Gaskiyarsa. Ya ce in danna hon, na danna. Ya ce in kunna fitila, na kunna. Na ce, "Yallaɓai, in na ɗan taka mai, sitiyarin na karkarwa, kuma ina jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba." Ya zagaya, ya shuri tayar baya, ya karkata kai yana saurare kamar likita. Ya ce lafiyarta ƙalau.

Muna fita muka faɗa ramin bakin kasuwa, wanda aka kafa masa allon alkawarin gyara da ya fi shi faɗi. Ƙwas.

Inna ta ce, "Kai, tsaya wurin Gajere. Idona ne ya mutu, ba kunnena ba."

Gajere shi ne bakaniken layinmu. Bai taɓa buɗe komai da almakashi ba. Ya gaida Inna, ya ba ta benci, ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya tura kututture ƙarƙashi. Ya kama tayar, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya jijjiga. Shiru.

"Boris ɗin cikin taya lafiya," in ji shi.

Ya mai da hannayen dama da hagu.

"Shiga ka riƙe sitiyari kam, kada ka bari ya motsa."

Na riƙe kam. Tayar ta ci gaba da kaɗa kai kamar mai musun laifi. Ya kira ni, ya nuna mini ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Robar kansa ta yage, ƙasa ta cinye cikin, kan yana lilo a gurbinsa kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa.

"Wannan ne ke kai wa taya saƙonka. Ranar da ya fita, kai ka juya dama, ita ta tafi inda ta ga dama."

"Zai kai mu ya dawo da mu?"

"Zai kai ku. Inda zai kai ku ne ban sani ba."

Na zaro takardata na nuna masa hatimin. Ya goge hannu, ya karɓa da ladabi, ya karanta har ƙasa.

"Ma sha Allah. Kawo waya in ɗaure ta a wurin, ko za ta riƙe."

Ya ce sabon ƙarfen sai yamma. Na fara zancen lallaɓawa a hankali, ya zare makullin ya jefa aljihu, ya ce in ina son lallaɓawa in lallaɓa ni kaɗai, ban da tsohuwa. Sha ɗaya ta wuce. Muka nufi tasha.

Mun sami bas saura mutum biyu. Na sa ƙafa zan shiga, sai na ga Inna ta wuce ƙofa tana lalube. Ta durƙusa gaban tayar gaba, ta kama ta dama da hagu, tana ja da iya ƙarfinta.

Direba ya diro. "Baba, lafiya? Ga takardarmu nan a gilashi, sabuwa fil!"

"Ɗana ma yana da ita."

Na raɗa mata, "Inna, ba a ganewa sai an ɗaga motar."

"To a ɗaga."

Direba ya yi dariya, ya waiwaya neman masu taya shi. Babu. Fasinjoji sun fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, wani mai rungume da jaka har yana tambayar inda jak yake. Aka ɗaga, aka jijjiga sama da ƙasa, dama da hagu, Inna ta kara kunne. Shiru. Ta ce a shiga.

Mun isa biyu saura minti goma. Likita ya ce za a yi mata aiki wata mai zuwa, za ta gani sarai. Ina ba Masu Girma shawara su shirya. Duk wannan da kunne kawai ta yi shi.